Gaisuwar da Ashafa Ya Tsallake

Ashafa ya ƙi gai da Gidaɗo a wurin sunan jikan Dakta Sunusi a Manchester, a gaban jama'a, kuma abin da ya rusa gidan Gidaɗo ke nan. Bai zage shi ba, bai kira sunansa ba. Hannu kawai ya hana shi. Ina bayan murhu ina juya tsire lokacin da abin ya faru.

Sunana Ɗan'azumi. Tsire nake yi a unguwar Balsall Heath cikin Birmingham, a Ingila, a wani ɗan shago da mutum uku ke cika shi. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare a Gwammaja. In ana suna ko walima, daga Birmingham har Manchester, ni ake kira in loda murhu a bayan mota in je. Masu cin naman nawa yawancinsu daktoci ne. Akwai dakta na asibiti, akwai dakta na takarda, akwai mai jiran a kira shi dakta. A taronmu in ka jefar da tsinke, da wuya bai faɗa a kan takalmin wani dakta ba.

Ashafa yana cikin masu jiran. Gwamnatin jiharsu ce ta turo shi, yana zaune a Perry Barr, nan Birmingham, a gidan haya da wasu ɗalibai. Shekarunsa ba su wuce talatin ba. Ladabinsa har ya yi yawa. In zai gaishe ka sai ya rusuna, ya kama hannunka da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, ya koma ya sake tambayar iyali. Duk Juma'a bayan masallaci yana shagona.

Na taɓa tambayarsa, "Wai karatun me kake yi ne da ba ya ƙarewa?"

"Public health ne, Kawu. Lafiyar al'umma."

"Allura kake yi?"

"A'a, ni research nake yi."

"To mai ciwo in ya zo wurinka, me za ka ba shi?"

"Tambayoyi zan yi masa."

"Allah ya ba shi lafiya," na ce, na ƙara masa albasa.

Abin da bai faɗa mini ba, bai kuma faɗa wa kowa a cikinmu ba, shi ne a kan wa yake binciken. A kan maza masu neman maza ne, da yadda za su kare kansu daga cutar ƙanjamau. Musamman 'yan Afirka, waɗanda da yawansu suna da mata a gida, ba sa zuwa gwaji, ba sa yarda a gan su a ƙofar asibitin irin waɗannan cututtuka. A lokacin ana ta maganar wata ƙwaya da mutum zai riƙa sha ta kare shi, ana ta ja-in-ja a kan wanda zai biya kuɗinta. Shekarun nan ne gwamnati ta ɗauki wuƙa tana yankan komai. An rufe wurin wasan yaran unguwarmu, an rage kwanakin buɗe ɗakin karatu, council, wato hukumar gari, kullum kuka take yi.

Wuƙar ta taɓa binciken su Ashafa ma. Farfesar da ke kula da shi, wata Baturiya da ban taɓa gani ba kuma ban yi asara ba, da farko ta shirya a ɗauko wani baƙo daga London, wanda bai san kowa ba, shi zai zauna da mutanen nan ya yi musu tambayoyin. Aka ce babu kuɗin baƙo. Sai ta duba taswira, ta ga Birmingham a nan, Manchester can sama, ta ce an gama magana. Ashafa mazaunin Birmingham ne, ya je ya yi na Manchester, ai babu wanda ya san shi a can.

Ita ban ga laifinta sosai ba, taswira ta sani. Amma Ashafa ya san in an yi rasuwa a Birmingham ranar Alhamis, rabin Hausawan Manchester suna falon mamacin ranar Asabar. Ya san tukunya ɗaya muke ci. Ya buɗe baki ya ce, "Yes, Prof." An koya masa ba a musu da malami, kuma wannan darasin kam ya riƙe shi da kyau.

Gidaɗo akanta ne, mutumin Gombe, ya kusa hamsin. Ya daɗe a Manchester. Matarsa Batulu, 'ya'yansu mata biyu, Raki mai shirin shiga sakandare da ƙaramar, Sa'adiya. Mutum ne marar hayaniya. In sabon ɗalibi ya sauka a filin jirgi ba shi da kowa, shi ake bugawa ya je ya ɗauko shi. A taro yakan zauna a gefe da farantinsa, in an yi abin dariya ya yi murmushi, in an fara gardamar siyasar gida ya tashi ya je ya duba yara.

Yana da wata rayuwa da ba mu sani ba. Ni ba malami ba ne, ban ce abin da yake yi daidai ne ba, kuma ba a naɗa ni alƙalinsa ba. Abin da na sani shi ne, yana zuwa wani ɗan ofishi a saman wani shago, na wata ƙungiyar taimako, a ɗebi jininsa a gwada. Ya ce mini daga baya saboda Batulu yake zuwa, don ko me zai same shi kada ya kai mata gida. Ma'aikacin wurin wani mutumin Jos ne, Manasseh. Shi ya roƙe shi ya shiga binciken. Ya ce masa council za ta janye musu tallafi, in masu bincike suka rubuta cewa wurin yana da amfani, wataƙila a bar su. Ya kuma ce masa wanda zai yi tambayoyin baƙo ne daga nesa.

Ranar hirar Gidaɗo ya shiga ɗakin da aka ware, ya tarar da matashi da 'yar na'urar ɗaukar murya a kan tebur. Suka kalli juna. Ba su taɓa zama tare ba, amma fuska ba ta ɓuya. Ashafa ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe."

Gidaɗo ya ce mini hannunsa yana kan ƙofa, saura kaɗan ya juya. Yaron ya yi ta rantsuwa. Ya ce akwai doka, akwai kwamiti, za a canza suna, ko farfesar ba za ta san ko wane ne ba. Sai Gidaɗo ya zauna. Suka fara da Turanci, suka zame cikin Hausa ba su sani ba. Ya ce tunda yake bai taɓa faɗin maganar nan da harshen da uwarsa ta yi masa faɗa da shi ba. Da ya fara sai ya kasa tsayawa. Ya faɗi na makarantar kwana, ya faɗi yadda aka yi aurensa, ya faɗi irin tsoron da yake ji duk ranar da zai karɓi sakamakon gwaji. Ya fito yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka.

Watanni suka wuce, babu abin da ya faru. Sai aka yi wani taron likitoci da masu bincike a nan Birmingham, aka ba Ashafa 'yan mintuna ya yi bayani. Dakta Sunusi yana cikin masu sauraro. Shi GP ne, likitan unguwa, a Manchester, dattijo, shi ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa tun da aka kafa ta, saboda duk lokacin da aka zo zaɓe sai a rasa mai ƙarfin halin tsayawa da shi. Ya ga ɗanmu a kan mumbari, ya gyara zama.

Ashafa ya yi bayaninsa. Wani ya tambaye shi yadda ya shawo kan mutanen suka saki jiki da shi. A nan ne kansa ya kumbura. Ya ce ai harshe ne sirrin, akwai ma wanda suka yi hirar gaba ɗaya da Hausa, magidanci mai mata da 'ya'ya, ma'aikacin ofis, a wani babban gari a arewacin Ingila. Aka tafa masa.

Sunan kam sun canza. Sun bar masa matarsa, da 'ya'yansa, da aikinsa, da harshensa, da garinsa.

Dakta Sunusi ya koma Manchester da labari biyu. Na farko, yaronmu ya yi magana a gaban Turawa an tafa. Na biyu, ga abin da yaron yake karantawa, kuma akwai ɗaya a cikinmu. Magidantan Hausawa a Manchester ba su da yawan da za su cika bas ɗaya. Daga ranar kowa ya zama ɗan sanda. Manyan mutane masu furfura, injiniyoyi, likitocin ƙashi, suka koma lura da wanda ya cika sa turare da wanda wandonsa ya matse. Wani ya daina zuwa gym motsa jiki don kada a ce. Wani da bai taɓa riƙe hannun matarsa ba ya fara riƙewa a bakin masallaci. Ina gasa nama ina jin su.

"Ni dai na san ba a unguwarmu yake ba."

"Ka tabbata? Maƙwabcin nan naka mai gyaran gira fa?"

"Kai dai bari, Injiniya. Wallahi zamani ya lalace. Ɗan'azumi, ƙara mini mai kitse."

Babu wanda ya kawo Gidaɗo a ransa. Da an bar abin haka, da sun gaji sun koma gardamar siyasa.

Sai aka haifa wa Dakta Sunusi jika, aka sa suna ranar wata Asabar cikin bazara, a filin bayan gidansa. Ashafa ya roƙe ni in rage masa hanya don kuɗin jirgin ƙasa ya yi masa yawa. Mutane sun ɗan ja baya da shi tun da aka ji abin da yake karantawa, amma Dakta da kansa ya gayyace shi, ina jin don ya nuna shi wayayye ne. Muka isa da hantsi, na kafa murhu kusa da katanga. Aka jera wa manya kujerun roba a inuwa. Gidaɗo yana cikinsu, wajen tsakiya, da farantin waina a hannu.

Akwai wata ƙa'ida da aka koya wa su Ashafa a jami'a. In ka haɗu da wanda ka yi wa tambayoyi a waje, a kasuwa ko a titi, kada ka fara yi masa magana. Ka jira shi. In ya kula ka, ka amsa. In bai kula ka ba, ka wuce kamar ba ka taɓa ganinsa ba. An yi ta ne don a rufa wa mutum asiri, kuma a titin Turawa inda maƙwabci ke wuce maƙwabci ba ko tari, ina jin tana aiki.

Mu kuwa, ƙarami ke gai da babba. Babba yana zaune, yana jira.

Ashafa ya fara daga bakin layi. Ya rusuna wa Dakta Sunusi, hannu biyu, ina kwana, ina gajiya, an samu ƙaruwa, Allah ya raya. Ya matsa ga na biyu, haka. Na uku ma bai san shi ba, amma ya gaishe shi har da tambayar mutanen gida. Yana matsawa yana rusunawa, sai ga shi a gaban Gidaɗo.

Na ga Gidaɗo ya mayar da farantin hannun hagu, ya goge na dama a jikin rigarsa. Bai miƙa ba, ya dai shirya shi. Ashafa ya tsaya. Yana jiran Gidaɗo ya fara, don haka littafi ya ce. Gidaɗo yana jiran yaro ya fara, don haka aka haife shi ya tarar. Suka tsaya suna kallon juna har na juya tsinke biyu. Sannan Ashafa ya ɗauke kai, ya kalli katanga, ya taka zuwa kujera ta gaba, ya rusuna ya ce, "Injiniya, ina kwana."

Hirar layin ta mutu. Gidaɗo ya mayar da farantin hannun dama, ya ɗauki waina ya kai baki, ya daɗe yana taunawa.

A nan ma da sauran gyara. Da za a ce yaron ba shi da kunya, ko an yi wani saɓani, a zage shi kwana biyu a manta. Amma Dakta Sunusi ba ya barin abu ya wuce a gidansa bai san kansa ba. Ya taso ya zo wajen murhuna kamar mai neman nama, ya yafito Ashafa.

"Kai, zo nan. Me Gidaɗo ya yi maka?"

"Babu komai, Dakta."

"To don me ka tsallake shi kamar kujerar da ba kowa?"

"Ba zan iya magana a kai ba, Dakta."

"Faɗa kuka yi?"

"A'a, wallahi."

"Wata magana ya gaya maka marar daɗi? Faɗa mini, ni babanku ne a nan."

Ashafa yana ta murza hannu. Ƙarya guda ɗaya ake nema a wurinsa. Ya ce bai gan shi ba, ya ce hankalinsa ya tafi wani wuri, ya ce cikinsa ke ciwo. Ɗan shekara bakwai zai iya. Shi kuwa mai neman digiri na uku sai ya rage murya ya ce, "Ethics ne, Dakta. Ba ni da izinin in fara approaching ɗinsa. Sai in shi ya fara."

Ni ban gane ba a lokacin. Dakta Sunusi ya gane, yarensu ne. Ya juya ya kalli inda Gidaɗo ke zaune, ya ce, "I see." Ya zaɓi tsinke mafi kitse a kan murhun, ya barbaɗa yaji da kansa, ya koma kujerarsa yana ci a hankali.

Gidaɗo bai jira an yi addu'a ba. Ya aika aka kira masa Batulu da yaran daga cikin gida, ya ce kansa ke ciwo. Na ji Raki tana yi masa ƙorafi da Turancin nan nasu na Manchester da ba na kama rabinsa, wai ba a yanka cake ba tukuna.

A hanyar komawa muka hau babban titi. Sannan Ashafa ya fara, ba tare da na tambaye shi ba.

"Kawu, ni fa ƙa'ida na bi."

"Wace ƙa'ida?"

Ya yi mini bayaninta. Bai kira sunan binciken ba, amma ni ma ina da kunne, na ji abin da ake ta faɗa watannin nan. Sai da na rage gudu.

"Wato shi ne."

"Ban ce ba. Ka ji na ce? Ban faɗi sunan kowa ba."

"Da ka gaishe shi kamar kowa, me zai faru?"

"Da na karya protocol. In ya kai ƙara cewa na nuna na san shi a cikin jama'a, za a iya soke data ɗin gaba ɗaya."

"Na uku a layin ka san shi?"

"A'a."

"Ka gaishe shi."

"Wannan daban ne, Kawu. Shi ba participant ba ne. Ba za ka gane ba, abin yana da tsari."

Na ce haka ne, ba zan gane ba. Na kunna rediyo. Har muka iso Perry Barr yana yi wa gilashin mota bayanin tsarin.

Dakta Sunusi likita ne, ya yi rantsuwar riƙe sirri, saboda haka mutum ɗaya kawai ya faɗa wa, matarsa Hajiya Hajo. Ita ma mace ce mai tsoron Allah, ƙawayenta biyu kawai ta faɗa wa, don su taya ta addu'a. Kafin Juma'a ta zagayo wani ɗalibi ya tsaya a shagona a Birmingham yana tambayata wai na ji labarin akantan Manchester. Mutanen da Gidaɗo ya ɗauko daga filin jirgi cikin sanyi, ya kwanar da su a falonsa, su ne suka fi kowa cewa dama sun daɗe suna zargi. Wani ya ce daga yadda yake zuba shayi ya gane.

Hajiya Hajo ce ta je wurin Batulu da kanta, da kwanon dambu. Ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Ƙanwata, ni dai shawara ce saboda Allah. Ki je wurin GP a duba jininki. Kada ki tambaye ni dalili." Ta zauna kuma har sai da aka tambaye ta dalilin.

Batulu ita kaɗai ce a labarin nan da ba na iya cewa komai a kanta. An aure ta a kan abin da ba a gaya mata ba, ta ji shi a bakin baƙuwa a falonta. Ta je aka gwada ta, lafiyarta ƙalau. Ta dawo ta tura yaran gidan maƙwabta, ta tambaye shi kai tsaye. Ya ce mini ya yi niyyar musu, amma da ta ce, "Baban Raki, kalle ni," sai ya kasa. Ya faɗa mata. Ba ta yi ihu ba. Ta tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa shigowa gidan, ya ce babu. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce tun kafin ya san ta. Ta ce to me ya sa ya je gidan ubanta neman aure.

Ashafa ya kai rahoton kansa wurin farfesa, wannan kam ya yi. Kwamiti ya zauna, aka sha shayi da biskit. Suka duba suka ga bai ambaci suna ba, bai nuna takarda ba, ya bi ƙa'idar haɗuwa a waje daidai yadda aka rubuta ta. Babu laifi. Sun ce in mutumin yana da ƙorafi ya rubuto. Gidaɗo bai rubuta ba, don in ya rubuta sai ya sa sunansa na gaskiya a ƙasa. Farfesar ta ce abin yana da ban sha'awa ƙwarai, ta ba Ashafa shawara ya ƙara babi a kan al'adun gaisuwa. Ya ƙara. An ce babin ne ma masu jarrabawa suka fi yabawa.

Ni na gasa naman walimar Ashafa da ya gama digirin. Sana'a ce, ba na zaɓen mai biki. Dakta Sunusi ya zo daga Manchester ya yi jawabi, ya ce irin waɗannan matasa ne za su gyara ƙasarmu. Yanzu Ashafa yana koyarwa a wata jami'a a gida, ana kiransa Dakta.

Ofishin su Manasseh an rufe shi da sanyin shekarar, binciken bai hana komai ba. Kafin ma a rufe, Manasseh ya ce 'yan Afirkan da ke zuwa gwaji sun ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don labari ya kai musu cewa wani ya yi magana da masu bincike ga yadda ya ƙare. Aikin da aka yi don a jawo su, shi ya kore su. Manasseh yana aikin kula da tsofaffi yanzu.

Gidaɗo ya bar Manchester. Ya kama wani flat a Selly Oak, nan Birmingham, a tsakiyar ɗalibai Turawa, inda babu mai tambayarsa daga ina. Ba ya zuwa taronmu, ba a kuma gayyatarsa. Yakan zo shagona ranar Talata da rana, lokacin da ba kowa, ya zauna a kujerar ciki ya ba ƙofa baya. A nan ya ba ni labarin, guntu-guntu, ban tambaye shi ba. Sau ɗaya na ce masa da ni ne da na nemi yaron nan na fasa masa baki. Ya ce, "Malam Ɗan'azumi, yaron bai yi don mugunta ba." Na ce na sani, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi.

Tun kafin ya bar Manchester, da aka yi hutun makaranta a bazarar da aka yi sunan, Batulu ta ce za ta kai yaran Gombe su ga kakanninsu. Shi ya kai su filin jirgi, shi ya ɗaura wa Sa'adiya jakarta a baya. Ya san ba za su dawo ba, ya ce bai ga da wane baki zai hana ta ba. Can aka raba auren a kotu. Yayan Batulu ya bugo masa waya sau ɗaya, ya ce masa ya san dokar da aka kafa a ƙasar a kan irinsu, kuma duk ranar da ya ji ya sauka a Najeriya shi da kansa zai kai sunansa wurin 'yan sanda. Aka canza lambar wayar Batulu.

Da aka koma karatu makarantar yaran ta yi ta nemansa, Raki da Sa'adiya ba su zo ba, ina suke. Ya ɗauki hutun rabin yini a wurin aiki, ya je ofishin makarantar ya ce a cire sunayensu. Bai sake ganinsu ba.